Ranar da Na Yi Cinikin Babarbare a Sabha

Shekarar da ruwa ya cinye shinkafar fadama, har mutanen Wurogauri suka riƙa shiga gonakinsu da kwalekwale suna tsintar abin da ya rage, ita ce shekarar da na rabu da Bukar na tafi Libiya. Na ɗan haura shekara arba'in a lokacin.

Sunana Manu, Bafulatanin Gwandu ne ni, amma ban gaji garke ba, baki na gada. Bukar kuwa Babarbare ne mai sayar da kanwa. Ya zo Kalgo tun yana saurayi, ya yi aure, ya zauna. Kowa ya san abin da ke tsakanin Fulani da Barebari: wasa ne na kaka da kakanni, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne, ba a fushi, ba a kai ƙara. Mu sai muka mai da wasan sana'a.

Ga yadda muke yi. Ranar kasuwa Bukar na zaune gaban kanwarsa, sai in zo wucewa kamar ban gan shi ba. Ya ɗaga kai ya ce, "Kai Bafulatani, wa ya kwance ka daga turke?" Da jin haka mutane sun fara tsayawa. Sai in zaro igiya daga aljihu in ɗaura masa a hannu, in cire masa hula, in zagaya da shi ina neman mai saye. In buɗe bakinsa in nuna haƙora, in ce, "Ga shi nan, ba ya cin tuwo sai kanwa, ba ya ciwo sai ranar aiki." Wani ya taya goro biyu, wani ya taya tsohon takalmi wari ɗaya. Ana cikin haka Bukar zai sulale igiyar ya zarga mini a wuya, ya sayar da ni a kan ƙwaryar nono mai tsami, ya ce ma ya cuci mai nonon. Shekara goma sha shida muna wannan, daga Kalgo zuwa Gwandu, Kambaza, Dodoru, duk inda ake biki ko suna. Da shi muka ci, da shi muka aurar.

Wani mutum mai suna Sanusi ya ɗauke mu da kyamara a kasuwar Kalgo. Ya ce yana shirya fim a Sabha ta Libiya, Hausawa sun cika garin suna aiki, ba su da abin da zai ba su dariya. Ya ce mu biyo shi, fuskarmu za ta shiga talabijin. Bukar ya ƙi. Ya ce, "Manu, wasa na inda aka san ka." Ni kuwa ruwa ya ci gonata, zuciyata ta tashi. Na ce masa, "Zauna da kanwarka. Dariyar ai tawa ce, kai amshi kawai kake yi. Zan komo maka da faifan fim, ka gan ni ni ɗaya ina kada mutane." Wannan ne karo na farko da na jefa masa magana bai ramo ba.

A Agadas Sanusi ya ajiye ni a wani gida da ake tara matafiya, ya karɓi kuɗin shanun huɗata da na sayar ya ce zai biya mota har Sabha. Ya ce bari ya sayo batirin kyamara. Kwana goma sha tara ina zama a bakin ƙofar gidan ina duban kwanar da ya bi. Wani Buzu mai shayi a tsallaken hanya shi ya fara gane abin da ya faru kafin ni. Kullum da hantsi zai yafito ni ya ba ni ɗan kofi uku, ɗaya bayan ɗaya, bai taɓa tambayata komai ba. Rana ta ashirin ya ce, "Abokina, mai batir ba ya dawowa. Gida ko gaba?"

Gida ya fi kusa. Amma a gida akwai Bukar zaune gaban kanwarsa, da maganar da na bar masa. Na ce gaba.

Na yi wata uku ina dakon jarkokin ruwa a tasha kafin in sami na mota. A nan na fara gwada wasa ni kaɗai. Na kwaikwayi tafiyar wani kamasho mai ƙaton ciki, abin da in a Kambaza ne sai an riƙe wasu don dariya. Mutanen tasha suka dube ni, suka mai da ido kan hanya. Kowa jiran mota yake, ba wanda ya zo da dariya a kayansa.

Sahara ba ni da abin faɗa da yawa a kanta. An jera mu a bayan buɗaɗɗiyar mota, kowa da sanda kafe tsakanin ƙafafunsa yana riƙe don kada ya faɗi. Da muka tsaya a Dirku, na ga fuskoki sun mutu, na ce bari in ɗan motsa su. Na fara kwaikwayon direba yadda yake zagin taya. Wani ɗan Damagaram da ke kusa da ni ya taɓa gwiwata a hankali ya ce, "Baba, adana miyaunka, da sauran tafiya." Na adana.

A Gatrun abin hannuna ya ƙare. Wani Balarabe mai gonar dabino ya ɗauke ni ban ruwa da kiwon awaki. Wata bakwai na yi a gonar nan. Mai gonar yakan zo ranar Alhamis ya ajiye gari da mai da tumatirin gwangwani, ya nuna da yatsa abin da za a yi, ya tafi. Ba mugu ba ne, kawai ba mu da harshe ɗaya. Sai in yi kwana shida ban ji muryar mutum ba sai tawa a salla. Akwai wani bunsuru mai dogon gemu, na sa masa suna Bukar. Da yamma in na kora su garke, nakan tsaya in canza murya in ce, "Kai Bafulatani, wa ya kwance ka daga turke?" sannan in ba kaina amsa. Abin ba ya tafiya. Na san kalmomin duka, amma ban san inda Bukar yake yin shiru ba. Ashe akwai ɗan jira da yake yi kafin ya sako magana, shi ke sa mutane su miƙo wuya. Shekara goma sha shida ina tsaye kusa da shi ban lura ba, sai a gaban bunsuru.

Na isa Sabha a shekara ta biyu. Na tambayi Sanusi mai fim, ba wanda ya taɓa jin sunansa. Na sami aiki a gidan buga bulo, aka haɗa ni ɗaki da wani mutum siriri mai tabarau. Da na yi masa sallama ya tsaya yana kallona.

"Ba kai ne mai sayar da Babarbare a kasuwar Kalgo ba?"

Na zauna a ƙasa. Sunansa Dauda, mutumin ƙasar Zuru, Kirista. Ya taɓa koyarwa a firamare a Kalgo shekara biyu kafin ya bar aikin ya fito nema. Ya ce shi ne ya taɓa taya Bukar da guntun alli. Na tuna. Ya ce, "Ina Babarbaren naka?" Na ce na baro shi. Ya ce, "To, ka zo da igiya babu akuya."

Dauda ya riƙe ni kamar ɗan uwa ɗaya. Da azumi shi ke dafa abin buɗa-baki kafin mu taso daga aiki, kuma ba ya cin komai a gabana da rana. Ina ce masa Malam, yana ce mini Baffa, ko da yake bai fi shekara biyar na ba shi ba. Shi ya fara nuna mini baƙaƙen boko, da tsinke a kan ɗanyen bulo kafin ya bushe.

Ranar Juma'a ba a aiki. In na dawo daga masallaci sai mu zauna a inuwar katanga, ya fito da wayarsa. Yana da wasannin wani ɗan barkwancin Amurka da ya tara a ciki. Sunan mutumin bai taɓa zama a harshena ba, na riƙa ce masa Dogo. Farkon ganina da shi yana tsaye a kan dandamali, babu ganga, babu kowa, sai abin magana a hannunsa da wata doguwar kujera da ya ɗora kofin ruwa a kai. Mutane cike da zaure kamar ranar idi. Ya faɗi abu, ya yi shiru, ya sha ruwa, sai ka ji zauren ya fashe. Ban jin ko kalma ɗaya, amma na san ma'aikaci in na gan shi.

Dauda ya ba ni labarinsa guntu-guntu, Juma'a bayan Juma'a. Ɗan talakawa ne. Ya fara a ƙananan wuraren shaye-shaye inda ake ba shi ɗan lokaci kafin mawaƙa su hau, mutane na hira ba sa ko kallonsa. Da rana yana wanke kwanuka. Ya daɗe a haka kafin wani ya sa shi a wasan kwaikwayo na dandamali, ya fito a matsayin bawan gida mai magana biyu kacal, ya ƙwace wasan daga hannun manya. Daga nan aka kira shi fim. Dauda ya nuna mini wani inda ya fito ɗan sanda matsoraci, da wani inda ya fito uba wanda 'ya'yansa suka guje shi, a nan ba dariya, har na juya fuska. Da ya tsufa, gashi ya yi fari, sai ya bar fim ya koma kan dandamali shi da kujerarsa da kofin ruwa, inda ya fara.

Na ce, "Malam, to ina mai yi masa amshi?"

"Ba shi da shi."

"Ba a wasa ba amshi."

"Duba nan," in ji Dauda. Ya ja hoton baya. Dogo ya sunkuya ya nuna wani mai sanƙo a layin gaba, ya tambaye shi abu. Mutumin ya amsa yana rufe fuska. Dogo ya kama shi ya yi ta juyawa, matar mutumin na dukan cinya don dariya. "Ka gani? In ya ji wuri ya yi sanyi sai ya zaɓi mutum ɗaya cikin 'yan kallo ya mai da shi abokin wasa."

Wannan magana ta shige ni. Na ce ashe ana iyawa. Ashe ban yi wa Bukar ƙarya ba. Mutum ɗaya kawai nake bukata a cikin taro, sai waya ta ɗauka, in koma gida da abin nunawa. Na yi wata da watanni ina kallon Dogo ina koyon yadda yake jira, yadda yake ɗaga gira, har na sami wani tsohon gwangwani ina riƙewa kamar abin magana. Dauda yana dariya, amma dariyarsa ta tausayi ce, kuma mun san haka mu biyu.

Damar ta zo a shekara ta uku. Shugaban leburorinmu ya ce wani attajiri mai motocin yashi, Alhaji Mustafa, zai yi wa ɗansa aure. Mahaifiyar Alhajin tsohuwa ce daga ƙasarmu, ta ce ba ta son a gama biki ba ta ji kiɗan gida ba. Aka samo wani mai kalangu ɗan Maraɗi, Dauda kuma ya sa baki aka ce in zo in yi wasa. Na wanke rigata ta gida da na zo da ita. Igiyar tana nan a aljihu tun Kalgo.

Bayan la'asar ne, a filin gidan. An kafa rumfa babba, an raba ta da labule, mata na can ciki. A gefe ɗaya leburori ne 'yan ƙasarmu zaune a tabarmi. A kan kujeru kuwa dangin amarya ne, Larabawa farare, dattawa cikin fararen riguna. Mai kalangu ya gama, aka ce saura ni. Dauda ya ɗaga waya.

Na fara da tafiyar kamasho. Shiru. Na yi direban Sahara da tayarsa. Leburori suka ɗan yi murmushi, suna satar kallon masu kujeru, ba wanda ke son ya fara dariya a gidan mai gida. Na yi shiru irin na Dogo, shirun ya yi tsawo ya zama na gaske. Na ce a raina, zaɓi mutum ɗaya.

Sai ga mai gidan ya fito daga ciki yana gaisawa da surukansa. Baƙi ne kamar ni, kakkaura, da jar hula irin tasu. Da ya juyo na ga fuskarsa. Tsage ne dogaye a kumatu biyu, da ɗaya da ya sauko daga goshi zuwa hanci. Tsagen Barebari, irin na Bukar, ba bambanci. Ban san yadda zan faɗi abin da na ji ba. Shekara uku ban ga abokin wasa ba. Ji na yi kamar an buɗe ƙofa na hango kasuwar Kalgo.

Ban yi shawara da kowa ba, ko da kaina. Na tafi kai tsaye na ce, "Af, ashe nan ka gudo, bawana." Na cire masa hula. Na zaro igiya na zarga a hannunsa. Ya tsaya kamar itace, na ɗauka ya iya wasa ne, yana ba ni fili. Na ja shi taku biyu zuwa gaban kujeru, na kama haɓarsa na nuna wa surukansa haƙoransa, na murza yatsu alamar nawa za ku saya. Wannan ba ya bukatar tafinta.

Wani saurayi cikin dangin amarya ya ƙyalƙyale, irin dariyar da ban taɓa nema ba a rayuwata. Wani dattijo ya daka masa tsawa. Na duba Alhaji Mustafa ina jiran ya juya igiyar ya zarga mini a wuya. Idonsa na kan ƙasa.

A cikin wannan shirun ne wata murya ta fito daga bayan labule. Dariya ce ta tsohuwa, tun daga ciki, har da tari. Ta yi ta yi, sannan ta ce da Hausa, da karin harshen Barebari sak, "Wa ya bar wannan Bafulatani ya shigo cikin mutane? Ku ba shi dusa ya koma garke."

Daɗin da na ji bai kai numfashi uku ba. 'Ya'yan Alhaji suka iso kaina. Ban riƙe su da komai ba. Da na farfaɗo ina waje a gindin katanga, bakina cike da jini, haƙora biyu sun tafi. Dauda na tsugune kusa da ni, tabaransa a karye, wayar kuma an taka ta. Ya ce surukan sun tashi ba su ci abinci ba.

"Baffa," in ji shi, "wanda Dogo ke tsokana, da ƙafarsa ya zo, ya zaɓi layin gaba don a tsokane shi. Kuma Dogo sai ya gama tsokanar kansa kafin ya taɓa wani. Ban faɗa maka ba?"

"Ba ka faɗa ba, Malam."

"To laifina ne."

Ba laifinsa ba ne. Bukar ya faɗa mini tun a Kalgo.

Washegari aka sallame mu daga gidan bulo, ni da Dauda. Ya riƙa dama mini kunu saboda ba na iya tauna.

Kwana huɗu bayan nan aka aiko in zo gidan, ta ƙofar baya, da hantsi. Na tafi ina salati. Aka kai ni wani ɗan tsakar gida inda tsohuwar ke zaune a tabarma tana shan rana, ga turaren wuta a gefenta. Sunanta Iya Falmata. Ƙanƙanuwa ce, idonta ya fara hazo. Na durƙusa na gaishe ta.

"Matso in ga abin da suka bari," in ji ta. Ta taɓa kumatuna. "Bafulatani da giɓi. Yanzu ko kyauta ba mai karɓarka."

Na ce, "Iya, ai ko da giɓin na fi ƙarfin kanwar Barebari."

Ta sake yin dariyar nan. Sannan ta goge ido da bakin mayafi ta ce, "Tun da mai gidana ya rasu ba wanda ya zage ni yadda ya kamata. Kowa Hajiya, Hajiya. Amma ka yi ɓarna, ɗana. Mustafa yana da shekara huɗu muka kawo shi nan. Ni na riƙe shi aka yi masa tsagen nan, don a san ɗan gidan wane ne. A nan ba wanda ya san gidan. Tun yana makarantar allo yara ke bin sa da sunan da ka kira shi, su kuma ba wasa suke ba. Shekara biyu mutanen nan suna ja kafin su yarda su ba jikana 'yarsu."

Na ce, "Iya, ban sani ba."

"Na san ba ka sani ba. Shi ma bai san naka ba. Ni ce ban koya masa ba, ina ganin me zai yi da shi a nan."

Muna haka Alhaji Mustafa ya shigo. Na miƙe, na rasa inda zan sa hannuwana. Na ce ya yafe mini don Allah. Ya zaro igiyata daga aljihunsa ya ajiye a bakin tabarma. Hausarsa a karye take, ta wurin leburori ya koya. Ya ce, "Uwata ta ce a ƙasarku wannan zumunci ne. Na ji. Akwai motata mai zuwa Agadas jibi. Ka shiga." Ya juya ya fita. Bai ce ya yafe ba, ban kuma ga laifinsa ba.

Iya Falmata ta ƙulla mini dabino da garin gero a leda. Da zan fita ta ce, "Kana da Babarbare a gida?" Na ce ina da shi. Ta ce, "Ka ce uwarsa ta Sabha na gaishe shi, ya riƙa ɗaure dabbobinsa da kyau."

Har yau ban san ko an ɗaura auren nan ba. Na tambayi direban a hanya ya ce shi yashi ya sani. Dauda ya raka ni har bakin mota, ya sa mini wani guntun fensir a aljihu ya ce in ci gaba da baƙaƙe. Shi ya ce zai gwada Turabulus. Lambar da ya rubuta mini ba ta taɓa shiga ba.

Duk tsawon hanyar dawowa, daga Gatrun har Ƙonni, abu ɗaya nake shiryawa: yadda zan zo wucewa ta gaban kanwar Bukar kamar ban gan shi ba. Na san abin da zai ce. Na shirya amsa wajen bakwai, ina zaɓe. Na yi niyyar in ya zarga mini igiya a wuya, wannan karon in bar shi ya sayar da ni yadda ya ga dama, ba zan ƙara kalma ba.

Na sauka Kalgo ranar kasuwa kafin ma in wuce gida Gwandu. A wurin Bukar wani ne zaune yana sayar da robobi. Na nufi gidansa. Matarsa Yagana na tsakar gida tana tsince wake. Da ta gan ni ta ajiye faifan, ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa. Sai da na sha ta ce wata biyar ke nan da rasuwar Bukar. Ciwon kwana tara ne.

Na yi masa addu'a. Na tambaye ta ko ya ci gaba da wasa bayan tafiyata. Ta ce mutane sun kawo masa Fulani har uku su maye gurbina, ya ce duk ba su da ƙiba, ba ya saye.

"Ya bar maka saƙo," in ji ta. "Ya sa na maimaita har sau biyu don kada in ɓata. Ya ce in bawansa ya komo, kada a yi masa maraba sai an tambaye shi." Ta gyara zama, ta kalle ni, ta ɗan jira. Ban sani ba ko shi ya koya mata jiran, ko kuka ne ya tsaya mata. Sannan ta ce, "Kai Bafulatani, wa ya kwance ka daga turke?"

Amsoshina bakwai suna nan a bakina. Na duba tsakar gidan, daga ni sai ita sai kaji. Na ce, "Ni na kwance kaina, Yagana."

Yanzu ina noma 'yar gonar da ta rage, da yamma ina zuwa ajin yaƙi da jahilci a nan Gwandu, inda na ƙarasa abin da Dauda ya fara. Akan kira ni biki, nakan ce haƙora ba su bari. Igiyar na ɗaure akuya da ita.

Abin da tafiyar ta ci: shanun huɗa biyu, shekara uku da wata biyar, haƙora biyu, aikin Dauda da wayarsa mai Dogo a ciki, mutuncin wani bawan Allah a gaban surukansa, da Bukar. Faifai ban kawo ba. Dariya ɗaya na samu ta gaskiya, daga bayan labule, kuma gaisuwar da mai ita ta ba ni ban sami wanda zan ba ba.